Rigar Kariya Ba Matashin Zama Ba Ce

A 1922 wani saurayi Ba'amurke, Ralph Samuelson, ya ɗaura falankin katako biyu a ƙafa, ya kama igiya, jirgin ruwa mai inji ya ja shi a tafkin Pepin. Daga nan aka samu wasan zamiya a kan ruwa. Masu yinsa a yau ƙoshi ne ya kai su, amma ba mai taɓa igiya sai ya tsuke rigar kariya tamau.

Mu kuwa nan yankin Surko, tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, idan kogi ya kawo da damina, dole ce ke sa mu shiga kwale-kwale, da buhu da akuya da babur. In an yi sa'a akwai rigar, sai ka ga Alhaji ya shimfiɗa ta ya zauna a kai, kada shaddarsa ta jiƙe. Wani ya rufe buhun garinsa da ita. Mai dama-dama ya yafa ta a kafaɗa, maɗaurai na reto, layarsa kuwa ɗaure a damtse kamar za ta tsinke jijiya.

Rigar da ba a ɗaure ba, da an faɗa ruwa za ta sulluɓe ta sama ta tsira abinta, ta bar mai ita. Gwajin ba wuya: ka ɗaure, wani ya ja ta daga kafaɗu. In ta haura kunnuwanka, ƙara tsukewa.

Malam, ruwa bai san Alhaji ba. Tsuke rigarka, sannan ka yi tawakkali.