Tarkacen Baba

Mu 'yan zangon Ankara ta Gana, in dai rabon gado ne, ba a koya mana lissafi. Daga Nima zuwa Mamobi har Fadama, ana gama addu'ar arba'in, a naɗe kanofi, a kwashe kujerun roba daga kan titi, sai a aika a kira malam. Matar mamaci ta ɗauki tumuninta, ɗa namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Ɗakin haya a yi masa kuɗi, firiji a yi masa kuɗi, har keken ɗinkin da ya shekara goma bai motsa ba sai ya shiga lissafi.

To bari mamacin ya zamana mawaƙi ne ko mai zane. Nan idon kowa ke rufewa. Kasakasai cike da jaka, littattafan da ya yi ta rubuta baitoci a ciki, zanen da ya jingine bayan ƙofa, sai ka ji wata gwaggo ta ce, "Ku fitar da tarkacen nan, ɗan haya zai shigo ƙarshen wata." A tura su ƙarƙashin gado ko bakin zaure. Wanda ya san yadda babban gotan nan ke tumbatsa da damina ya san inda labarin ya ƙare.

Abin haushi, kakanninmu sun fi mu dabara. Alhaji Umaru na Karaci, haifaffen Kano, ya zauna Salaga har yaƙin 1892 ya watsa garin, ya koma Kete-Karaci inda ya rasu a 1934. Ya yi waƙa kan zuwan Nasara, ya yi kan talauci, ya yi kan annobar murar 1918. Ba shi da lauya, ba shi da banki, amma yana da almajirai, kowa ya kwafa da hannunsa ya tafi da ita garinsu, da sunan mai ita a jiki. Shi ya sa da masu bincike na jami'ar Legon suka bi gidajen malamai a shekarun 1960 suna aron takardu su ɗauki hoto su mayar, suka tarar da waƙoƙinsa birjik. Wasu rubuce-rubucensa kuwa Bajamushe Mischlich, wanda ya yi mulki a Karaci, shi ya tafi da su ƙasarsu. Mu jikoki fa? Ko mai kwafa ba mu da shi.

Ku tuna fostocin sinimar bidiyo na shekarun 1980 da 1990, waɗanda ake zanawa da fenti a kan buhun fulawa. Da na buga inji suka shigo, muka watsar da su. Turawa suka bi lungu-lungu suna tsinta, yau da dala ake cinikinsu a Amurka, 'ya'yan masu zanen na nan suna sauraron labari.

Alhali doka ba ta ɗauki waƙa a matsayin iska ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005 ta ce aikin mutum nasa ne muddin ransa, sannan na magadansa har shekara 70 bayan ya rasu. Akwai GHAMRO da ke karɓar kuɗin waƙa daga gidajen rediyo da wuraren shagali. Ko kuɗin ya taka kara ya karya, wannan gardamar wata rana ce, amma wanda ba a rubuta sunansa ba ko sisi ba zai gani ba. "Ahomka Womu" ta yaranmu na VIP har gobe ana sa ta a biki. Wannan ai gona ce mai ba da amfani kowace shekara, ba shuka ba noma.

Sai dai ka ce wa dattijo, "Baba, a rubuta wasiyya mana," ka ga yadda zai harare ka: "Kai, mutuwa kake kira mini?" Mutumin nan kuwa kullum yana masallaci, ya san addini ya ba shi sulusin dukiyarsa ya yi wasicci da shi. Abin da bai sani ba, in 'ya'ya suka saɓa har aka je kotu ba wasiyya, alƙali ba Risala zai buɗe ba, dokar PNDC 111 ta 1985 zai buɗe, ita kuma rabonta daban ne. Wasiyyar nan takarda ce fa kawai, a sa hannu gaban shaidu biyu. Kuɗin lauyan da muke tsoro, sau nawa muke kashe ninkinsa a shinkafar addu'a?

Samarinmu na bes, masu shan ataya suna dariyar tsofaffi, su ma kanwar ja ce. Waƙoƙinsu rabi na cikin kwamfutar mai situdiyo ba yarjejeniya a rubuce, rabi na cikin waya. Lambar sirrin YouTube da ta MoMo kuwa ko uwar da ta haife su ba ta sani ba. In ta Allah ta kasance, ƙane zai yi ta gwada lambobi har wayar ta kulle, sai ya hau tirotiro ya kai ta Circle a yi mata fulashin, a goge duk abin da ke ciki. Da la'asar ya dawo yana murna ya samu waya, kuma wai ma an yi masa ragi.