Taubashina na Argungu zai sayi madubin bindiga

Bawana, labari ya iso mana Birnin Kebbi: wai ka jingine homa da gora, ka shiga cigiyar madubin nan da ake ɗaura wa bindiga don saiti. An ce har hotonsa kake yawo da shi a waya kana nuna wa mutane a bakin kogin Matan Fada, kana cewa bana dinyar da ke sauka a fadama ta shiga uku. To, tunda Allah ya ɗora mini nauyinka, zauna in karantar da kai kafin ka zubar da kuɗin shinkafarka.

Wanda ka nuna, an ce a jikinsa an rubuta 3-9x40, kai kuma ka ce wa jama'a lambar wayar kamfanin ce. Ma'anarsa yana kusanto da abu daga ninki 3 zuwa ninki 9, faɗin gilashin gabansa kuma milimita 40 ne. Na san halinka, da ka ji akwai mai ninki 24 shi za ka ce a kawo. Kada ka soma. Iya yadda madubi ya kusanto da abu, iya yadda filin da kake gani zai tsuke, rawar hannunka ta ninku, kawalwalniyar rana ta sa komai ya riƙa kaɗawa. Ranar da hazo ya rufe kwarin Rima kuwa, hazon zai kusanto maka. Sannan ka duba ratar da ake bari tsakanin ido da madubi, wajen santimita 8 zuwa 10. In ka manna ido kamar mai leƙen gidan amarya, bindiga na tashi zai sare maka gira.

Yanzu ga inda na fi jiye maka. A cikin madubin akwai zare biyu da suka gitta juna, da ɗigo-ɗigo jere a kansu. Daga ɗigo zuwa ɗigo gaɓa ɗaya ce, masu abin suna ce mata miliradiyan. Gaɓa ɗaya tana rufe santimita 10 a nisan mita 100, tana rufe mita guda a nisan mita 1,000. Saboda haka in ka san tsayin abu da mita, sai ka ninka shi sau 1,000, ka raba da yawan gaɓoɓin da ya cika, nisan ya fito. Gangar mai, mai cin lita 200, tsayinta ya kusa santimita 90. In ta cika gaɓa 3, tana mita 300 ke nan. A yawancin madubai masu araha ma lissafin ba ya zama daidai sai an murɗa madubin zuwa ninki guda da kamfani ya ƙayyade, galibi na ƙarshe.

Ka lura da sharaɗin? In ka san tsayin abu. Madubi ba ya san girman komai, kai ne za ka faɗa masa, ya yarda da kai. Kai kuwa, tun muna yara ban taɓa jin ka faɗi girman wani abu yadda Allah ya halicce shi ba. Tarwaɗar da ka kama da safe kamu ɗaya, kafin la'asar ta kai tsawon hannu, bayan isha'i ta zama giwan ruwa da sai da ƙarti huɗu suka ɗauka. Wanda ya ci gasar kamun kifin garinku ta 2020 kifinsa kilo 78 ne, bisa sikeli, gaban jama'a. Naka da ya tsere a ranar kullum cewa kake ya fi shi. Mai irin wannan ido in ya dubi gangar nan zai rantse ta kai mita 1.2, lissafi ya ba shi mita 400, ya ɗaga bakin bindiga sama, harsashi ya wuce ta kan ganga ya tafi gaida mutanen Augie.

Wace bindigar ma? Adakar da ka gada, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da tsumma, tana watsa ƙarafa ne, bayan 'yan taku ƙalilan kowanne ya kama gabansa. Ba ta da hulɗa da mita 300. Wadda madubin ya dace da ita kuwa, dokar makamai ta 1959 ta ce sai da lasisin 'yan sanda, kuma ba na jin za su karɓi bandar kifi a madadin takarda.

Abin da ya fi ba ni mamaki, garinku ne ake kabanci, inda samari ke faɗawa ruwa su kamo agwagwar daji da hannu tsura. Tun 1934 ake taruwa bikin kamun kifin da ake wannan wasa a cikinsa, har UNESCO ta sa bikin a kundinta a 2016. Ɗan gidan nan ne yau yake neman gilashi don ya hangi tsuntsu.

In dai ka nace, sayo shi, amma ka bar adaka a gida. Ka same ni filin wasa na Haliru Abdu. Zan ajiye ƙwallo a bakin raga, faɗinta santimita 22 ne, ba ni na auna ba balle ka ce na yi maka ƙeta. Ka tsaya ɗaya ragar ka leƙa ka faɗi nisa. In ka kuskure da fiye da mita 10, kuɗin sharar bana da na baɗi duk suna wuyanka, kuma shaidu daga Gwandu zan ɗauko, ba na yarda da 'yan Argungu.