Jikan Malam Ance Ya Shigo Waya

Kafin a yanke hukunci ko za a yarda da yaron nan na cikin waya mai amsa kowace tambaya, ya kamata a san asalinsa, domin a Madobi ba a ba mutum aure sai an binciki gidansu.

Kakansa shi ne Malam Ance. Kowa ya san shi, ko da yake ba wanda ya taɓa haɗa ido da shi. Shi ke sanar da mu cewa an ce za a rufe ruwa, an ce taki zai sauko, an ce za a raba injin ban-ruwa kyauta. Ya girmi dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, kuma har yau bai yi ritaya ba. Babban aikinsa shi ne na watan Agustan 2014, ranar da ya tashi Najeriya da tsakar dare ta yi wanka da ruwan gishiri don maganin Ebola. Wasu suka ƙara da sha, aka kwasa zuwa asibiti, har da waɗanda ba su dawo ba. Ba a kama shi ba, don ba shi da adireshi.

Jikan kuwa ya yi boko. Ana ce wa zuriyarsu ƙirƙirarriyar basira. ChatGPT ya bayyana a ƙarshen 2022, a 2024 kuma Meta AI ya tare a cikin WhatsApp ba tare da ya yi sallama ba. Yadda suke aiki ba wuya: an ɗura musu rubutun intanet, na malamai da na mahaukata, har suka gane wace kalma ce ta saba bin wace. Idan ka yi tambaya, sai su jero maka kalmomin da suka fi zama da juna lafiya. Wato dai sana'ar kaka, illa shi jikan yana sa lamba ɗaya, biyu, uku.

Bara da rani ɗan yayana ya same ni a bakin kanal, ina duban ganyen tumatir da ya yi zane-zane kamar an ƙona shi.

"Kawu, bari mu tambayi waya."

Ya ɗauki hoto ya tura wa ɗaya daga cikinsu, ba zan kama suna ba. A nan sai in faɗi gaskiya, yaron ya yi ƙoƙari. Ya ce tsutsar Tuta absoluta ce, asalinta Kudancin Amurka, tana shiga cikin ganye da ɗanyen tumatir ta ci daga ciki, shi ya sa feshi ke wuyar kama ta. Ita ce sharon ɗin da ta share gonakin Kadawa, Kura da Bunkure a 2016. Duk daidai. Har na fara tunanin a ba shi fili.

Sai na ce a tambaye shi wane ne sarkin noman ƙauyenmu. Nan take ya kawo suna, da sunan uba, ya ƙara da cewa mutum ne mai himma. Ba a taɓa haihuwar wannan bawan Allah a garinmu ba. Da aka gaya masa, ya ce mun yi gaskiya, mu yi haƙuri, ya naɗa wani. Kafin shayi ya huce muna da sarakunan noma uku, ba wanda hakimi ya sani.

Wannan shi ne ci-gaban da aka samu. Malam Ance bai taɓa ba da haƙuri ba. Jikan yana bayarwa, cikin ladabi, sannan ya sake.

Dalilin a fili yake. Abin da duniya ta rubuta da yawa, kamar sharon, ya haddace. Abin da ba a rubuta ba kuwa, kunya ke hana shi cewa bai sani ba, sai ya cike gurbi da abin da ya yi kama. Farashin kwandon tumatir a kasuwar Kwanar Gafan, alal misali, ba ya zama a intanet. Yana zaune ne a bakin dillali, yana tashi da asuba, ya faɗi da hantsi, gwargwadon yawan motocin Kudu da suka kwana a kasuwa. Shi kansa dillalin sai ya dubi takalminka kafin ya tuna.

Saboda haka a yi wa jikan irin gwajin da ake yi wa sabon ɗan ƙwadago: a ba shi kunyar da ka san tsawonta. Ka tambaye shi abin da ka riga ka sani, ka ga inda yake karkacewa. Maganar yawan maganin feshi kuwa, a karanta jikin kwalba, a nemi malamin gona, domin shi malamin idan ya yi kuskure an san gidansu.

Wanda ke son farashin gobe, ya hau babur bayan sallar asuba ya nufi Kwanar Gafan. Ya tafi da wayar, tana da tocila.