Masu Kiran Kare a Filin Bayan Unguwarmu

Kullum da an idar da La'asar, rana ta yi sanyi, mukan taru a filin bayan unguwarmu, kowa da karensa. Wai horo muke ba su. Buƙatarmu ɗaya ce tak: a kira kare, ya zo. Shekarata uku ina zuwa filin nan, kuma iya abin da idona ya gane mini, karnukan sun daɗe da haddace halin kowannenmu, mu ne dai har yau muke kame-kame.

Dole in fara da maƙwabcina, wanda yaran unguwa suka laƙaba wa Baba Kam-hiya. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Da kuɗin sallamarsa suka fito, sai ya hau mota ya tafi Jos, ya dawo da ɗan kwikwiyon Alsashan, irin karnukan nan na Jamus da 'yan sanda ke yawo da su. Ya raɗa masa suna Janar, kuma tun ranar ya yanke hukunci cewa karensa ba ya jin Hausa. A Bukuru aka haifi karen, uwarsa ma haka, amma in ka kuskura ka faɗi wannan sai Baba ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ɗana, wannan ba irin naku ba ne. Da takardunsa ya zo."

Baba ba ya zuwa fili hannu rabbana. Yaro na biye da shi ɗauke da kujerar roba, shi kuma ga littafi a hammata, ga usur rataye a wuya kamar alƙalin wasa. Zai kwance Janar, ya ja da baya taku goma daidai, yana ƙirgawa a fili, sannan ya ƙame ya ce, "Janar, kam hiya!" Janar zai waiwayo ya dube shi, irin kallon da babban hafsa ke yi wa kurtu, ya ɗaga ƙafa a gindin dogon yaro, ya kama hanyar bola. Maimakon Baba ya bi sawun karensa, sai ya juyo kanmu da lacca. Ba wanda bai haddace labarin Ivan Pavlov ba a filin nan, masanin ƙasar Rasha da ya samu lambar Nobel a 1904, wanda ya nuna cewa in ka saba wa kare da wata ƙara kafin abinci, wata rana ƙarar kaɗai za ta tsinka masa miyau. Labarin gaskiya ne. Sai dai Baba ƙarar kawai ya ɗauko, abincin kuwa ya baro shi can Rasha. A ganinsa, ba wa kare ɗan abin taɓawa don ya amsa kira cin hanci ne, shi kuma shekara talatin da biyar ya yi a ofis bai karɓa ba bai bayar ba.

Bara ɗansa ya aiko masa daga Ingila da wani usur na musamman, irin wanda wani Bature mai suna Francis Galton ya ƙirƙiro tun 1876, mai sauti siriri ƙwarai wanda kunnen kare ke ji na mutum ba ya ji. Ranar da ya ƙaddamar da shi har lemo ya saya mana. Ya busa, ya busa, kumatu suka kumbura, jijiyar wuya ta tashi. Tun da ba mai jin komai, ba mai bakin cewa usur ɗin ba ya aiki. Can sai ga karnuka uku sun sheƙo a guje sun kewaye kujerarsa, ba Janar a ciki. Da abin ya ishe shi, Magariba ta kawo kai, sai ya manta da takardu ya daka tsawa: "Kai ɗan banza, zo nan!" Kafin ya rufe baki Janar ya iso yana kaɗa wutsiya, domin da waɗannan kalmomin yaron gida ke kiransa cin tuwo safe da yamma. Baba ya ce dace ne kawai. Ba mu yi masa musu ba, ya girme mu.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai mai jan carbin suna, "Bobi, Bobi, Bobi, Bobi," tun daga ƙofar gida har fili, har sunan ya zama wa karen kamar ƙugin injin markaɗe, ana ji ana ci gaba da harka. Akwai mai tsere, wanda kira ɗaya yake yi, in ba a amsa ba ya naɗe babbar riga ya bi kare da gudu. Karen kuwa murna yake, ya samu abokin wasa. An sha gaya masa cewa in ya juya baya ya gudu, karen ne zai biyo shi, amma ya ce mutuncinsa ya wuce a gan shi yana gudun karensa. Akwai ɗan gayu mai waya a hannu, wanda ya ɗauki bidiyo sau ashirin don ya samu guda ɗaya da karen ya zo, ya ɗora a TikTok yana neman masu kawo nasu ya horar. Akwai kuma malamin kan babur, bai taɓa ajiye ko kyanwa ba, amma kullum yana gefe da injin a kunne yana cewa, "Ai ba haka ake yi ba."

Wanda nake jin daɗin kallo shi ne mai habaici. Sunan karensa Ba-ruwanku, kuma ba ya kiransa sai ya hango abokin rigimarsa a kan iyakar fili zai gifta. A nan ne zai buɗe murya har unguwa ta amsa. Karen ya zo ko bai zo ba, wannan bai dame shi ba, saƙo dai ya isa.

Wani lokaci wani tsohon mafarauci kan ratsa ta filin da rani, gora a kafaɗa, karnuka biyar sirara masu kunne a tsaye suna warwatse a bayansa. Ɗan guntun fito yake yi, wanda da ƙyar za ka ji, sai ka ga duk sun haɗu a ƙafarsa. Ba littafi, ba kujera. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da bayyana kare mai horo, wanda abin da ya kamo ke halatta: in an sake shi ya tafi, in an kwaɓe shi ya tsaya. Na taɓa tare tsohon na ce, "Baba, mene ne sirrin?" Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Yaro, ka taɓa kiransa ya zo ya tarar da hannunka wayam?" Bai jira amsa ba ya wuce.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai bulala a bayan riga. Zai yi ta kira, karen ya yi ta jan jiki, a ƙarshe ya rarrafo da ciki a ƙasa, wutsiya a matse, ya iso gabansa. A nan ne zai damƙe shi ya hau jibga, wai don gobe ya zo da wuri. Wace dabba ce za ta fahimci haka? Abin da karen ya koya ɗaya ne: zuwa shi ne laifin. Da idona na ga kwikwiyo mai kuzari, wanda ke bin mutumin nan har bakin masallaci, ya koma in ya ji sunansa sai ya shige ƙarƙashin mota. Kuma irin wannan karen da ba ya kiruwa shi ne ba ya kamuwa ranar allurar rigakafin ciwon haukan kare, alhali a nan Vom kusa da Jos ake yin allurar, kuma cutar in ta bayyana a jikin mutum sai dai addu'a. Karen yana nan yana yawo cikin yaranmu, mai shi kuma yana gaya wa mutane wai ya samu kare marar tarbiyya. Na daina gaishe shi da hannu biyu.

To ni fa? Za a ce na ɓoye kaina. Ni ne mai aljihun ƙuli-ƙuli. Na ji maganar mafarauci, na kuma zarce da ita. Duna, karena, yana zuwa kam, amma ba sunansa yake amsawa ba, motsin leda yake ji. Duk wanda ya gifta da baƙar leda ubangidansa ne. Ya taɓa raka wata yarinya mai tallan awara har ƙofar gidansu, ina baya ina kaɗa tawa ledar kamar mai neman taimako a tasha. Tsugune ba ta ƙare ba, aljihun rigunana duk sun yi maiƙo, ɓeraye sun huda biyu.

Ran nan na tsaya a tsakar gida ina ta ƙwala kira har murya ta dushe, Duna na kwance a ƙarƙashin mangwaro ko kunne bai motsa ba. Uwargida ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, don Allah ka huta da wahalar da maƙogwaronka." Ta koma ciki ta sa cokali tana kankare ƙanzon shinkafa a gindin tukunya. Kafin ta kankara sau uku Duna ya tsaya a bakin ƙofa. Ni ma, ban san lokacin da na taso ba, ina bayansa.

Ta ɗago ta dube mu, ta ce wa 'yarta, "Miƙo kwano biyu."