Su A Kan Ciyawa

In Allah ya kai ka Amurka, ka ga dattijo tsaye a bakin tafki yana ta zabga wa iska bulala gaba da baya, ba jaki ba saniya, kada ka yi saurin yi masa addu'ar samun lafiya. Kifi yake nema. Wani salon fatsa ne da suke ji da shi, wanda ba a sa tana a ƙugiya. Gashin tsuntsu ake ɗaurawa da zare da ɗan guntun soso, a fitar da siffar ƙuda ko fara ko gizo-gizo, a jefa bisa ruwa a jira kifin da zai yarda. Sun ɗauki sana'ar da Allah ya sauƙaƙa, sun bi ta gaɓa-gaɓa suna tsanantawa, sannan suka sa mata kuɗi.

Surukina ne ya ja mini. 'Yata ta haihu a Bamingham ta jihar Alabama, na bi uwarta muka je ganin jariri. Ranar walima wani tsohon Bature, abokin aikin surukin nawa, ya tambaye ni garinmu. Na ce Argungu. Ya ce bai taɓa ji ba. Nan fa na gyara zama. Na ba shi labarin bikin kamun kifi tun daga 1934, da yadda dubban masunta ke rugawa Matan Fada da gora da homa da zarar an harba bindiga, da kifin 2005 mai kilo 75 wanda sai da ƙarti huɗu suka ɗora shi a sikeli, da yadda UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Duk gaskiya na faɗa. Bai tambaye ni ko na taɓa shiga ruwan ba, ni kuwa ba tarbiyyata ba ce amsa tambayar da ba a yi mini ba. Rayuwata a aji na yi ta ina koyar da lissafi, kuma mazaunina a bikin ƙarƙashin rumfa ne. Surukina ya san haka sarai, amma kunya ta hana shi buɗe baki, sai gyaɗa kai yake. Shi ya sa na ce shi ya ja mini.

Bature ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce yana da tafki a gonarsa, kuma in watan Mayu ya kama, dole babban masunci irina ya zo mu kama manyan bulugil. Da na ji an ce manya, muna komawa gida na ce wa 'yata ta rage kayan firiza.

Da dare surukina ya zo ya durƙusa. "Baba, wai ko kun san kifin nan?"

Na ce kifi ai kifi ne.

"Haka ne, Baba. Sai dai mafi girman da aka taɓa kamawa, nan kusa da mu aka kama shi, a tafkin Ketona, a 1950. Fam 4 da oza 12."

Na buga lissafi a ka, ya ba ni kilo 2 da 'yan kai. Na ce, "A Alabama ke nan?"

"A duniya, Baba."

Ya nuna mini hoto a waya. Karfasa ce ta sake riga: faffaɗan jiki, ɗan tsukakken baki, baƙin tabo a gefen kunne, ƙirjin namiji ja-ja. Wanda ya kai santimita 25 shi ne na nuna wa jama'a. Na ce wa 'yata ta mayar da kayanta firiza.

Washegari aka fara koyo, kuma ba a bakin ruwa ba. A kan ciyawar ƙofar gida aka tsayar da ni, ɗan Kabi guda, da sanda mai kusan ƙafa tara wadda kuɗinta zai sayi tunkiya, an ɗaura ɗan ulu a bakin zare maimakon ƙugiya. Bayanin surukina shi ne, a fatsar da muka sani dalma ce ke jan zare zuwa ruwa. A nan kuwa ƙudan ba shi da nauyin komai, don haka igiyar ce aka yi mai kauri da nauyi, ita ake jifa, ita ke ɗauke da ƙudan ta wani siririn zare da kifi ba ya gani. Za ka cilla ta baya, ka dakata ta miƙe sarai, sannan ka turo ta gaba. Sanda ba ta wuce ƙarfe goma a gaba, ba ta wuce ƙarfe biyu a baya. Na ce yaro, agogo ni na koyar da shi.

Dakatawar nan ita ce masifar. In ka yi gaggawa, igiya ta yi ƙara fau, ƙuda ya tsinke ya tafi inda ba a dawowa. In ka jinkirta, ta zube ƙasa a bayanka. Tsakanin biyun akwai wani ɗan lokaci da ba shi a agogon kowa. Igiyata ta naɗe wuyana, ta naɗe ƙafata, ta ƙulla wa kanta ƙulli iri-iri ba da sa hannuna ba. Maƙwabta masu yawo da karnuka suka riƙa rage tafiya. Babbar jikata, 'yar shekara bakwai, ta ɗauko kujera ta zauna a baranda.

"Angona, yau kifi nawa ciyawa ta bayar?"

Na ce ta jira, da na kamo zan sake ta in auri mai ladabi.

"Ai ni na sake ka tun jiya. Mijin da ba ya kawo cefane!"

Ranar zuwa gona na sa kaftani da hula, don ban ga dalilin da zai sa in yi shigar sojan ruwa saboda karfasa ba. Bature ya tarye mu, kuma ya ji surukina na ce mini Baba, shi ma ya ɗauka, alhali ya ba ni shekara goma. Kafin komai ya karɓi ƙugiyata ya matse ɗan haƙorin nan da ke hana ta fita, ya miƙo mini tabarau. Na ce idona lafiya lau. Ya ce shi ya sa.

Ya kai mu gefen da ruwa bai kai ƙugu ba, ya ce in shaƙi iska. Wai masana na gane inda kifin ke ƙwai da hanci, ƙamshin kankana suke ji. Ni dai warin taɓo na ji. Amma da na sa tabaran, sai ga ƙasan ruwan cike da ramuka zagayayyu, ɗaya dab da ɗaya, kowanne da kifi tsaye a kansa. Idan ruwa ya yi ɗumi ya haura maki 20, maza ne ke share ramukan da wutsiya, mace ta zo ta zuba ƙwai ta kama gabanta, namiji ya zauna gadi yana yi musu fifita. A lokacin ko me ya faɗo kusa da raminsa sai ya kai masa hari, yunwa ko ba yunwa. Wato a kan kifin da ke neman faɗa aka kawo ni. Na ji daɗin wannan.

Jifar farko itacen bayana ya karɓa. Wanda ya dasa itace a bayan masunci shi ya kamata a tuhuma. Ta gaba hulata ta ɗauke, ta kai ta tsakiyar tafki, kuma Bature ya rantse ita ce jifa mafi nisa da na yi ranar. Sai na tattara hankali, na cilla baya, na dakata yadda aka ce, na turo gaba, na ji igiya ta riƙe tamau. Nauyi na gaske. Na ja, ya ɗan biyo. Na ƙara ja, ina cewa Bature ya kawo raga.

Sai na ji murya ƙasa-ƙasa a bayana. "Baba, a yi haƙuri. Ni ne."

Na waiwaya. Surukina ne a sunkuye, ya biyo igiya taku-taku, gizo-gizon soso na lilo a kunnensa na dama da ƙafafun roba. Tun ja na farko yake ciki, amma ya ga bai dace ya katse surukinsa yana tsakiyar aiki ba. Bature ya zare ƙugiyar cikin sauƙi, albarkacin haƙorin da ya matse. Na ce sannu. Ya ce, "Ba komai, Baba, ni na tsaya a hanya." Yaron kirki. Daga nan ya koma can gindin mota, inda ya ce inuwa ta fi.

Da la'asar igiya ta fara jin magana. Gizo-gizo ya sauka a ruwa, Bature ya ce kada in motsa shi sai zoben ruwa ya lafa. Na jira. Na ɗan girgiza shi. Sai ji na yi tsut, ya ɓace. Na fizga da ƙarfin wanda ya taso yana kallon giwan ruwa, wani ɗan kifi da bai wuce yatsa uku ba ya tashi sama, ya wuce kaina, ya faɗa ciyawa a bayana. Jikata, da ta nace sai da aka zo da ita, ta daka tsalle: "Wallahi ciyawa ta bayar!"

Manyan, in ji Bature, sukan kama gefen da ya fi zurfi. Ya sauya mini ƙuda da wani baƙi mai nutsewa a hankali, ya ce in ƙirga a zuci kafin in fara ja kaɗan-kaɗan. Ban kai ƙarshen ƙirgar ba igiya ta tsaya. Wannan karon na fara duba inda surukina yake. Yana gindin mota. Sanda ta lanƙwashe. Kifin nan ya juya mini faffaɗan gefensa ya shiga kewaya, yana nutsawa yana kewayawa, siririyar sandar na rawa har gwiwar hannuna. Zan faɗi gaskiyarsa ko da ba ɗan garinmu ba ne: da Allah ya ba shi jikin giwan ruwa, da ba mai shiga Matan Fada da gora. Da ya iso na cafke shi gaba ɗaya, ya miƙar da ƙayoyin bayansa cikin tafin hannuna. Ashe shafo su ake daga kai zuwa baya su kwanta. Wannan bayanin ya iso bayan na gama salati.

Bature ya auna shi, ya cika santimita 25, ya rungume ni. Ina duba inda zan sa shi sai ya ce, "Baba, mayar da shi."

Na ce in mayar da wa?

Ya ce ƙananan a kwashe a soya, ba laifi, amma manyan maza su ne gyaran tafki. Muddin suna nan sun mamaye ramuka, samari kan jinkirta balaga su ci gaba da girma. In aka kwashe su, sai yara su balaga da wuri, girma ya tsaya, tafki ya cika da tsumburarru. Ya ƙara da cewa akwai wasu ƙananan maza da ba sa haƙa rami ko kaɗan. Laɓewa suke, in mace na zuba ƙwai su faɗo a guje su yi abin da ya kawo su, wasu ma launin mata suke ɗauka don maigida ya bar su su matso. Na ce inna lillahi, har a ruwa akwai kwarto? Na dubi bawan Allah da ke hannuna, yana can yana gadin 'ya'yan da ba duka ne nasa ba, ga kuma baƙo ya zo daga Kabi ya ja shi da leɓe. Na sunkuya na sake shi. Ko waiwaye bai yi ba.

A mota na ce zan nemi 'yan ƙanana in kai gida a zuba a gulbi, jarumtakarsu ta burge ni. Surukina, da auduga a kunne, ya ce, "Baba, an taɓa yi." A 1960 magajin garin Shikago, Richard Daley, ya ba Yarima Akihito na Japan kyautar kifin nan. Suka bazu a ruwayen ƙasar har tafkin Biwa, suka addabi kifayen gida, har a 2007 Akihito, yana sarki, ya fito fili ya ce abin na damunsa. Na ce to, abin da ya sa sarki nadama ba zan kai wa Sarkin Ruwa ba.

Hoto dai an ɗauka kafin a sake shi. Bature ya koya mini dabararsu: ka miƙe hannu sosai wajen kyamara, ka ɓoye yatsu, kifi ya cika fuskar waya. Na tura wa yayana a Argungu, na rubuta a ƙasa cewa masana sun tabbatar wannan babba ne. Bayan isha'i saƙon murya ya shigo, ina jin dariyar 'yan majalisa a bayansa.

"Malam, mun ga abin da za ka sa a ƙugiya. Turo hoton kifin."