Jakadan Ingila a Auyo, Ba Albashi

Kowane gari yana da mutumin da ke ba da amsar abin da ba a tambaye shi ba. A Auyo, daga wajen 1997 zuwa 2001, ni ne wannan mutumin, kuma ciwona Ingila ce. Ban taɓa taka ƙasar ba, har yau. Iyakar tafiyata a lokacin Kano, ita ma sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Amma da za ka tare ni a bakin kasuwa ka ce wa ke mulki a Landan, kafin ka rufe baki na ce Tony Blair, na ƙara maka da cewa a watan Mayun 1997 ya kayar da John Major, bayan jam'iyyarsa ta shekara 18 tana adawa. In kuwa kuɗin tiyar gero ka tambaya, sai in ce bari in je in tambayo Inna.

Rediyo ce ta ja mini. Sauraren Sashen Hausa na BBC ba abin taƙama ba ne a wajenmu, tun 1957 ake yinsa, kowane dattijo da tasa akwatin a gefen tabarma. Su dai su ji labarin Najeriya da Nijar su kashe, saboda batir kuɗi ne. Ni kuwa ana sallama sai in murza zuwa sashen Turanci a gajeren zango, in manna kunne, murya na zuwa tana ɓacewa, ina tsintar kalma ɗaya ina zubar da biyu. Waɗanda suka zube ni nake cike gurbinsu da kaina, tunda ba mai ƙaryata ni. Abin da na samo a dashen shinkafa a gonakin noman rani, rabinsa a batir yake tafiya. In batirin ya yi sanyi in shanya shi a rana bisa katanga, in ƙara tatsar abin da ya rage.

Ranar 31 ga Agustan 1997 na isa majalisa fuska a murtuke. Kawuna ya ajiye carbi ya ce, "Kai, lafiya? Wa ya rasu?" Na ce Diana, a hatsarin mota a Paris. Ya yi shiru yana lissafin dangi, sannan ya ce, "'Yar gidan wa?" Da na gama yi masa bayanin gidan sarautar Ingila, da aurenta da Yarima Charles da rabuwarsu, sai ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce mutanen nan ne fa a 1906 suka shiga Haɗeja da bindiga suka kashe Sarki Muhammadu, wanda har gobe ake kira Mai Shahada. "Shi ka taɓa yi masa ko ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya?" Na sunkuyar da kai. Da dare kuma na kunna rediyo in ji yadda ake shirin jana'iza.

Da Nwankwo Kanu ya bar Inter Milan ya koma Arsenal a farkon 1999, sai na samu mafaka. Yanzu in an ce na cika son Turawa, sai in ce ɗan ƙasa nake goyon baya. Ranar 23 ga Oktoba na shekarar, Chelsea na gaba da ci biyu a gidanta, Kanu ya zura uku shi kaɗai cikin minti goma sha biyar na ƙarshe. Ihun da na yi sai da maƙwabta suka leƙo, sun zaci kunama ce.

Sai dai kishin ƙasan nan nawa bai da nisa. Ranar 26 ga Mayun 1999 Manchester United, wadda nake cewa ba na ƙauna, ta doke Bayern Munich a Barcelona da ƙwallo biyu bayan cikar minti casa'in. Kwana uku bayan haka aka rantsar da Obasanjo a Abuja, da Saminu Turaki a Dutse. Soja sun koma bariki bayan sama da shekara 15, gari ya ɗauka, kowa na lissafin wa zai samu kwamishina, ko za a kawo taki da wuri. Ni ina tsakiyar majalisa, riga a naɗe, ina nuna yadda Solskjaer na United ya miƙa ƙafa ya taɓa ƙwallon. Ƙwallon da ban gani ba, labarinta kawai na ji.

Wata guda kafin nan ma Allah ya kawo mini Ingila har gida. Najeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, aka ajiye rukunin Ingila a Kano. Na ci bashi na hau mota. Yaran suka sha kashi a wasanninsu uku, suka tattara ba su zura ko ƙwallo ɗaya ba. Kafin in iso gida na shirya musu uzuri: zafin Afrilu, ga kulob-kulob sun hana manyan 'yan wasansu zuwa. Ba na jin kocinsu ya kare su kamar yadda na yi a teburin mai shayi.

Waƙa kuwa, nan abin ya fi ban kunya. Ina da kasat ɗin Spice Girls da na saya a Haɗeja, na haddace sunayen su biyar, na yi jimamin fitar Geri daga ƙungiyar a 1998, alhali ban san abin da suke faɗa ba. A watan Yunin 1999 Mamman Shata ya rasu. Ƙasar Hausa na ta'aziyya, gidajen rediyo na ta sako waƙoƙinsa, ni hankalina na kan bikin David Beckham da Victoria ta Spice Girls da za a yi farkon Yuli. Ga shi kuma in ina yankan shinkafa ni kaɗai, ba mai kallona, amshin Shata ne ke fitowa daga bakina.

A watan Nuwamban 2000 na kai ƙarshen ƙwarewa. Kogin Ouse ya cika ya haura mita biyar a birnin York na Ingila, ruwa ya shiga gidaje. Na ɗauko labarin da zafinsa na kai wa mutanen da kowace damina sai sun yi gayyar jinga, mutanen da ciyawar kachala ta toshe musu hanyoyin ruwa tun da madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar kogin Haɗeja. Wani tsohon masunci ya saurare ni har ƙarshe, da ladabinsa, ya ce, "Allah Sarki. Shinkafarsu ta nutse ke nan?" Na ce ba sa noman shinkafa. "Gero fa?" Na ce babu. "To, Malam, me ruwan ya ci?" Na ce kafet da kujeru. Har masu wucewa sai da suka tsaya dariya.

Damina mai zuwa, ta 2001, ruwa ya yi ɓarna a Kano da Jigawa, mu ma ya iso mu cikin dare. Mata na ɗaukar yara, maza na fitar da buhunan hatsi, ƙanena na jan awaki. Da muka isa tudu aka haska fitila ana duba abin da kowa ya tsira da shi, sai ga ni da rediyo a ka, na naɗe ta da leda, batir a aljihu. Yayana ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To kunna mana, mu ji ko mutanen York sun aiko da jaje."

Na so in ce daga ranar na warke. Abin da ya faru shi ne rediyo ta koma waya. Kanu ya bar Arsenal a 2004, ni ban bar ta ba, na bi ta shekara ashirin da ɗoriya tana neman kofin Firimiya tana dawowa hannu rabbana. A daminar da ta wuce muna cika buhunan yashi a bakin jinga, ruwa har gwiwa, na matsa kusa da ɗan yayana na rage murya don kada babansa ya ji, na ce, "Duba mana wayarka, an tashi wasan?"