Babin Ɗaure Notunan Manifol, Ga Mai Tsohuwar Peugeot

Ka sani, ya kai ɗan'uwa mai tsohuwar Peugeot 504, ko gadonta ka yi ko kuwa ka saye ta a hannun direban da ya gaji da jigilar Kaduna daga tashar Unguwa Uku ta Kano, cewa motar nan, tun da Faransawa suka fito da ita a 1968, har zuwa zamanin da aka soma harhaɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna a 1975, ta yi haƙuri da ramuka da ƙura da lodin da ya wuce hankali, amma akwai zalunci guda da ba ta yafewa, shi ne ƙarfin damtsen mai ɗaure mata notunan manifol ɗin salansa.

Illar abin kuwa ita ce, kan silinda na alminiyom ne, manifol kuma ƙarfen zubi, idan wuta ta kama su alminiyom yakan buɗe kusan ninki biyu na abokin zamansa, ƙusoshin da ke tsakani su ne ke shan wahalar wannan saɓani safe da yamma. Saboda haka sharaɗin farko shi ne inji ya huce sarai. Wanda ya shigo gari ta titin Zariya, ya tsaya a Gyaɗi-Gyaɗi ya buɗe bonet nan take ya cusa hannu, alhali injin motar nan a kishingiɗe yake, notunan suna can lungu, to ya ajiye kuɗin man ƙuna kusa.

Na biyu tsarki. A kankare tsohon gasket har fuskar ƙarfe ta fito fes, a wanke zaren ƙusoshi da kananzir da burushin waya, a ɗora sabon gasket. Mayar da tsohon, bisa hujjar wai "ai bai mutu ba, Alhaji", makaruhi ne a wurin jamhurun bakanikai, ko da yake waɗansu sun yi rangwame idan Magariba ta gabato kuma kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ta yi nisa. Mustahabbi ne notunan su zama na tagulla, domin ba sa yin tsatsa su liƙe.

Sa'an nan mu zo ga asalin mas'ala, wato adalci. Notunan manifol kamar matan gida ɗaya suke: in ka cika wa ɗaya haƙƙinta tun da fari ka bar saura suna kallo, gidan ba zai zauna daidai ba, maƙwabta kuma sai sun ji. To, sai ka fara ɗaura su duka da yatsu, kowanne ya shiga da yardarsa, wanda ya turje kada ka tilasta masa, warware shi ka sake, domin zare ne ya hau zare. Daga nan ka ɗauki ƙaramin sifana ka soma daga na tsakiya, kana fita zuwa gefe, dama da hagu, sama da ƙasa, kowa ka ba shi kaɗan. Ka komo zagaye na biyu ka ƙara. A na uku ka kammala. Hikimar farawa daga tsakiya ita ce manifol ya shimfiɗu a kan gasket yana miƙewa waje, maimakon a danne bakinsa biyu cikinsa ya gantsare.

Iyakar ɗauri fa? Wanda Allah ya hore wa sifana mai ma'auni, ya bi adadin da littafin motar ya faɗa, ya huta da gardama. Wanda bai da shi, ya riƙe sifana kusa da kai, ya ja da wuyan hannu, in noti ya zauna ya ƙara ɗan kaɗan ya tsaya. Amma hattara da yaron gareji, wanda ya ci ɗanwake ya ƙoshi, ya zura bututun ƙarfe a gindin sifana, ya taka taya da ƙafa, yana cewa, "Oga, bari in ba shi na ƙarshe." Wannan na ƙarshen, bisa ittifaƙin duk wanda ya taɓa gani, shi ne ake jin ƙas! sai gareji ya yi tsit, kowa ya shiga duban ƙasa, a ce ƙaddara ce. Kaffararta kuwa a kira mai walda ya liƙa noti a kan guntun ƙusar da ta karye ya warware shi, in ya ƙi a sauke kan silinda ɗungurum a kai wa masu huda, mota ta yi kwana uku a ƙarƙashin darbejiya awakin Tarauni suna hutawa a inuwarta.

In an gama lafiya, a tada inji a kasa kunne. Ƙarar tas-tas-tas da sanyin safiya, wadda ke raguwa in inji ya yi zafi, ko baƙin toka a gefen gasket, alama ce hayaƙi ya sami ƙofa, kuma wannan ba abin wasa ba ne, gama hayaƙin salansa in ya shiga cikin mota yana sa ciwon kai da barci, har ya yi kisa. Bayan mota ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku, gasket zai kwanta, notuna su saki. A komo a sake bin su da sifana, daga tsakiya, inji da sanyi, bututun nan kuma a kulle shi a but tun kafin yaron ya iso.